Jirgin da Mzee Fumo Ya Jira

"A hankali! Kai Shee, za ku fasa shi tun bai taɓa ruwa ba!"

Babu wanda ya saurari mai maganar. Maza sun kewaye bayan babbar motar, kowa yana ba da umarni, babu mai bin na wani. Jirgin kuwa yana zamewa ƙasa a kan gumaguman kwakwa da aka jingina wa motar. Fari ne ƙal, dogo, ba na katako ba, irin na roba mai tauri da ake gani a tashar Tanga.

Mwanakombo tana tsaye daga gefe da matsami a hannu. Ta baro kaskon suyarta a kan wuta, don maƙwabcinta Mzee Fumo ya yi ta ƙwala mata kira ta kan danga har sai da ta amsa. Ya ji ƙugin mota ta nufi bakin teku, ƙafafunsa kuma sun daina kai shi ko'ina. "Mwana, je ki gano mini," ya ce. "In shi ne, ki dawo da gudu."

Duk ƙauyen Kichangani an san abin da tsohon yake jira. Bara waccan ma'aikatan gwamnati suka zo suka ce taru mai ƙananan ido yana kwashe 'ya'yan kifi, don haka ya haramta. Suka ce duk wanda ya miƙa nasa da kansa za a ba shi jirgi mai inji, ya riƙa fita can cikin teku inda manyan kifaye suke. Mzee Fumo, wanda tun yana saurayi yake jan taru a wannan gaɓa, shi ya fara ɗauko nasa, shi ya bi gida-gida yana lallashin sauran masunta. Aka tara tarun a kan yashi aka zuba fetur. Warin ƙunar ya daɗe bai bar gari ba.

Daga nan aka ce sai bayan damina. Bayan damina aka ce sai an kafa ƙungiyoyi. Da aka kafa, sai aka ce tsarin ya canza, masu ba da tallafin sun fi son noman ciyawar teku. Wani ma ya zo ya koya wa masunta kiwon zuma, ya koma da amyar da ya zo nunawa. Maza suka koma fatsa da gura a ƙananan kwale-kwale, abin da suke samu bai taka kara ya karya ba.

Bi Zuwena, jami'ar harkar kifi ta gunduma da ta biyo motar, ta share gumi da bakin mayafinta, ta ɗaga murya.

"Ina shugabar ƙungiyar mata masu suyar kifi?"

Bi Tatu, wadda rumfar suyarta ke manne da ta Mwanakombo, ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke ake nema, shugaba."

Sai a lokacin Mwanakombo ta tuna. An taɓa tara mata a makarantar firamare, aka ba su lemon kwalba da mandazi mai kama da fanke, aka yi musu bayanin wani murhu da ba ya hayaƙi. Ita kaɗai ta yi tambaya a ranar, ko murhun yana cin ɓawon kwakwa, shi ya sa aka naɗa ta shugaba. Ta dangwala yatsa inda aka nuna mata, ta koma gida ta manta da zancen.

"Ga ni," ta ce. "Murhun ne ya zo?"

"Murhu? A'a mama. Ga jirginku nan. Ina taya ku murna."

Mwanakombo ta waiwaya baya, ko da wata ake yi.

"Jirgin wa?" in ji Bi Tatu. "Ni da ko rafi za a ƙetara da ni sai na yi amai? Yarinya, duba da kyau, ƙila kin ɓata hanya."

Shee ya saki igiyar da ke hannunsa. Ɗan ƙanwar Mzee Fumo ne, shi yake kula da tsohon tun da matarsa ta rasu. "To mu fa? Mu da muka kai taru?"

"Tallafin bana na mata ne da matasan da ba su kai talatin da biyar ba," in ji jami'ar. Ba ta iya kallon idonsa ba.

"Lokacin da kuka ƙona tarun ban kai ba! A wajen jiranku na wuce."

Wasu suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Wani dattijo ya leƙa bayan jirgin ya ce, "Ina injin?"

"Yana kashi na biyu."

"Yaushe ne kashi na biyu?"

"Wallahi baba ni ma ban sani ba. Jiya da yamma aka ce in rako mota."

Mwanakombo ta matso. "To 'yata, in mun ba maza su fita da shi fa?"

"A taron farko an ce ba a yarda ba. A na biyu an ce an yarda in dai da mace a ciki. Zan tambaya in gaya muku."

Aka ɗauki hoto. Aka tsai da Mwanakombo a jikin jirgin, aka ce ta ɓoye matsamin a bayanta, ta yi murmushi. Motar ta juya ta tafi.

Da ta isa gida kifin da ke kasko ya zama gawayi. Ta sauke shi, ta zaga ta ƙofar dangar da ke tsakanin gidajensu. Mzee Fumo yana kwance a kan gadon igiya a gindin mangwaro, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Filafilinsa yana jingine a bango, kaji sun mai da tsohuwar gurarsa wurin ƙwai.

"Shi ne?"

"Jirgi ne, Mzee. Amma dai..."

"Alhamdu lillahi!" Ya buga tafinsa a kan gado. "Ban gaya musu ba? Suna ta zagina a bayan ido, wai na sa sun ƙona abincin 'ya'yansu. Dogo ne?"

"Dogo ne."

"Wane launi?"

"Fari."

"Fari yana da kyau. Ana hango shi daga nesa in wani abu ya faru." Ya lumshe ido yana murmushi. Ta tsaya a kansa da sauran maganar a bakinta, ta rasa ta inda za ta fara, don ita kanta ba ta san me ya faru ba. Ta gyara masa matashi ta fita.

Washegari ta je bakin teku sayen kifi kamar yadda ta saba. Masuntan da take ciniki da su tun tana amarya suka yi kamar ba su gan ta ba. Shee yana zube 'yan kifayen da ya kamo a kan buhu.

"Nawa za ka bar mini wannan kashin?"

"An saye."

"Wa ya saya? Yanzu ka fito."

"Je ki kamo naki mana, Bi Mwanakombo. Ai ke ce mai jirgi."

"Kai Shee, ka ji tsoron Allah. Ni na roƙe su? Murhu aka ce mini!"

"Ni dai na sani, hotonki ne a jiki."

Ta koma da roba wayam. Ran nan ba ta kunna wuta ba.

Ta hau mota ta je gunduma, ta samu Bi Zuwena a wani ɗaki mai fanka da ba ta juyawa. Ta ce ta zo ne a karɓi jirgin a ba su murhu, ko kuma a mai da shi da sunan waɗanda suka kai taru. Jami'ar ta ba ta kujera da ruwa. Ta ce ba a mayar da kayan tallafi. Ta ce ba a canza suna. Ta ce kuma masu duba aiki za su zo, in suka tarar ba a amfani da jirgin za a ɗauke shi a kai wani ƙauye.

"Ba inji, ta yaya za a yi amfani da shi?"

"Na tambaya, mama."

"Me suka ce?"

"Suka ce tambaya ce mai kyau."

A hanyar dawowa Mwanakombo ta yi ta juya maganar, ta kasa gane ko an hana ta ne ko an ba ta izini.

Jikin Mzee Fumo ya ci gaba da tsananta. Ya daina cin tuwon masara, sai romon kifi da shayi mai citta, shi ma kurɓi kaɗan. Kullum ta kawo masa sai ya tambaye ta ko Shee ya ɗaure jirgin da kyau, ko an rufe shi daga rana. Shee bai gaya masa komai ba, ita ma ba ta gaya masa ba. Duk unguwa sai aka koma magana ƙasa-ƙasa in an zo wucewa ta bayan dangarsa.

Wata safiya ta tarar da shi zaune, ya sa farar rigarsa ta zuwa Juma'a da hula.

"Yau zan je in gan shi."

"Mzee, ka bari ka ji sauƙi."

"Mwana, ni da ke mun san ba wani sauƙi. Kira mini Shee."

Da gadon aka ɗauke shi. Shee da wasu masunta uku suka kama ƙafafun gadon, suka bi ta lungun masallaci, suka gangara ta tsakanin itatuwan kwakwa. Mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Wata ta ɗauka gawa ce ta fara salati, sai tsohon ya ɗago hannu ya ce, "Da saura, Bi Mosi, da saura." Mwanakombo tana biye da lema. Bi Tatu ma ta rufe rumfarta ta biyo su.

Ruwa ya janye, teku ta yi nisa. Jirgin yana nan inda aka sauke shi, awaki biyu suna kwance a inuwarsa. Aka ajiye gadon daf da shi. Mzee Fumo ya miƙa hannu ya shafa jikinsa, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kasa kunne.

"Ba nauyi. Iska za ta yi wasa da shi. Amma ba laifi." Ya dubi bayan jirgin. "Injin kun kai shi gida ne don ɓarayi?"

Masuntan suka kawar da kai.

"Shee, da kai nake."

"Kawu, ba a kawo inji ba." Shee ya dubi yashi. "Kuma jirgin ba namu ba ne. Na mata ne."

"Matan wa?"

"Masu suya. Ga shugabarsu nan riƙe da lema."

Tsohon ya dubi Mwanakombo ya fashe da dariya, dariyar ta zame masa tari. Da tarin ya lafa ya sake duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu mai dariya.

"Mwana, ke ma kin kai taru ne?"

"A'a, Mzee."

"To me kika kai?"

Ta ɗaga babban yatsanta ta nuna masa.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ta jira ya yi faɗa, ta ma fi son ya yi, amma fuskarsa ba ta fushi ba ce. Irin fuskar mutumin da ya farka a ɗakin da bai sani ba ce.

"Ni ban gane ba," ya ce.

"Wallahi ni ma ban gane ba."

"Su suka ce a kawo taru?"

"Su ne, Kawu," in ji Shee.

"Su ɗin dai suka kawo wannan?"

"An ce wasu ne daban, amma ofishin ɗaya ne."

Mzee Fumo ya girgiza kai a hankali. Can sai ya yafito Mwanakombo. "Zo nan. Tunda naki ne, tsuguna ki ji. In kin fita, kar ki bi ta tsakiyar mashigi, akwai dutse. Ki yi ta tafiya har sai kukar kan tudu ta zo daidai da hasumiyar masallaci. Nan za ki tsaya."

"Kawu, kukar nan an sare ta da ana hanyar otal."

"An sare?"

"Tuni."

"To... to ki bi Makame. Ya san wurin."

Masuntan suka dubi juna. Makame ya rasu tun Shee yana yaro. Tsohon ya ci gaba, yana kiran sunayen wurare da na mutane, ya ce arewa ya dawo ya ce kudu, ya ce in wata ya yi duhu, ya sake cewa a'a in ya yi haske. Mwanakombo tana tsugune tana maimaita abin da ya faɗa, tana so ta riƙe ko da guda ɗaya, amma kowace magana sai ta bayanta ta rushe ta. Bi Tatu, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da rana ta yi zafi aka mai da shi gida.

Kashegari da ta kai masa shayi ya buɗe ido ya ce, "Mwana, na ji kamar mota. Jirgin ne ya zo?"

Ta ajiye kofin ta zauna a bakin gadon, ta sake yi masa bayani tun daga farko, da taron makaranta da murhu da kashi na biyu. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "Ni ban gane ba." Da yamma ya sake tambaya. Wannan karon ta ce, "Ya zo, Mzee."

"Da inji?"

"Injin yana hanya."

"To madalla."

Ba ta san ko ƙarya ta yi masa ba, don ita ma abin da aka gaya mata ke nan.

Ranar da zai rasu, bayan azahar ne. Mwanakombo tana tsakar gidanta tana kankare kifin ƙanƙara da ta koma saye daga masu kawowa daga Tanga, sai Shee ya leƙo ta kan danga. Rabon da ya yi mata magana da daɗin rai tun ranar da aka sauke jirgin.

"Bi Mwanakombo, ki zo. Yana kiranki."

Ta goge hannu a zani ta shiga. An mai da gadon cikin ɗaki. Numfashinsa yana fita da ƙyar, idonsa a kan rufin ganyen kwakwa.

"Ga ni, Mzee."

"Ruwa ya kawo?"

Ta dubi Shee. Shee ya saurara ta taga, ya gyaɗa kai.

"Ya kawo," ta ce.

"To me kuke jira? A tura mana."

Shee ya sunkuya a kunnensa yana karanta kalmar shahada. Leɓen tsohon ya motsa tare da shi, sau ɗaya, ya ƙara. Mwanakombo tana riƙe da ƙafarsa mai kumburi, ba ta san lokacin da abin ya faru ba. Ta dai ga Shee ya miƙa hannu ya rufe masa ido, a waje kuma kaza tana ta kyarkyara.

Bayan la'asar aka binne shi a bayan masallaci. Duk masuntan Kichangani sun je, har waɗanda suka daina gaishe shi tun ranar ƙona taru.

Ana cikin zaman makoki Bi Zuwena ta zo a bayan babur. Ta cire takalmi ta zauna cikin mata a kan tabarma, ta yi gaisuwa kamar kowa, ta karɓi shayi. Da za ta tafi ta ja Mwanakombo gefe.

"Ban san ba shi da lafiya ba, mama. Shekaranjiya aka ce a sabon kasafi za a duba dattawan da suka miƙa taru."

"A duba su a yi musu me?"

"Ba a faɗa ba tukuna."

"Injin fa?"

"An ce ƙila a ba ku kuɗinsa ku saya. An kuma ce ƙila a haɗa ku da ƙungiyar matasa ta ƙauyen gaba."

"To yanzu mu me za mu yi da jirgin?"

Jami'ar ta gyara jakarta a kafaɗa. Idonta ya yi ja. "Ku dai kula da shi," ta ce.

Ba a daɗe ba ruwan sama ya sauka, ya wuni yana zuba, ya kwana. Da gari ya waye Mwanakombo ta gangara bakin teku ta tarar jirgin ya cika da ruwa har kusan baki, ganyen kwakwa da wani takalmin roba suna yawo a ciki. Ta tsaya tana kallo. Ba ta sani ba ko ruwan daɗi yana ɓata irin wannan jirgi. Ta koma gida ta ɗauko rabin jarka, ta tattare zani, ta taka ta shiga ciki, ta fara kwalfewa.

Shee ya zo wucewa da fatsa a kafaɗa. Ya tsaya.

"Irin waɗannan suna da wata 'yar ƙofa a baya da ake zarewa ruwa ya fita."

"Ina take?"

Ya ajiye fatsar ya zaga bayan jirgin, ya durƙusa ya lalube ƙasansa, ya dawo ta ɗaya gefen ya sake lalubawa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Wannan ba shi da ita. Ko tana inda ban gani ba."

Ya tsinci wani fasasshen bokiti a gindin kwakwa, ya naɗe ƙafar wando ya shigo. Ita tana gaba, shi yana baya. Suna ɗiba suna watsawa waje, ruwan yana gangarawa ta kan yashi ya nufi teku, kafin ya yi nisa yashin ya shanye shi.